An ba ni manaja, an hana ni kuɗin obataim: me doka ta ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina aiki a reshen Bauchi na wani babban kanti mai rassa a jihohi da dama. Da ni ke kula da kashiyoyi, bara aka ɗaga ni zuwa manaja. Tun daga nan ni ke buɗe kanti da sassafe, ni ke rufewa bayan goma na dare, ranar hutu kuwa sai an ga dama. An daina ba ni kuɗin obataim, wai manaja ba ya karɓa. Watan jiya da aka ƙirga kaya aka ga shoteji, sai aka zabtare kusan rabin albashina ba tare da an ji ta bakina ba. Shin doka ta yarda da haka?

Wani mai karatu daga Yelwa, Bauchi

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, bari in fara da abin da ba zai yi maka daɗi ba. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci hutun kwana ɗaya cur a cikin kowane kwana bakwai, da hutun awa ɗaya idan aikin yini ya kai awa shida, da hutun shekara na aƙalla kwana shida bayan ya cika wata 12. Sai dai sashe na 91 ya cire masu aikin gudanarwa da shugabanci daga cikin waɗanda dokar ke kira ma'aikata. Wato tun ranar da aka miƙa maka makullan kanti, kashiyar da ke karɓar kuɗi ta fi ka samun kariyar wannan doka. Maganar obataim kuwa, ko ga ƙananan ma'aikata dokar ba ta yanke adadin awoyi ko farashi ba, ta bar shi ga yarjejeniya.

Saboda haka dokarka ta farko ita ce takardar da ka sa wa hannu. Je ka ɗauko ta ka karanta a tsanake: awa nawa ta ambata, ranar hutu fa, kuma akwai inda ka amince a yanke maka albashi kan asarar kaya? Idan ƙarin girman ta waya aka yi maka shi, ba sabuwar takarda, to tsohuwar ba ta mutu ba, kuma kana da hujjar cewa sharuɗɗanta na nan har sai an sauya su da yardarka.

Akwai kuma wata ƙofa. Sashe na 91 ɗin nan aikin da mutum ke yi ya ambata, ba sunan muƙami ba. Kana iya ɗaukar ma'aikaci ko sallamarsa? Kai ke sa farashi? Kai ke yanke abin da za a yi oda? In amsar duka a'a ce, kuma rabin yininka a jera kaya da tsayawa kan kanta yake ƙarewa, lauya na da abin kamawa. A ganina kamfanoni da yawa sun gane arhar wannan suna. Albashin manaja a tsaye yake, don haka duk awar da ya toshe gurbin wanda bai zo ba, kyauta kamfani ya same ta. Hedkwata ke yanke yawan ma'aikatan reshe da cinikin da take so a wata, kai kuma aka ce ka cika. An damƙa maka nama, wuƙar tana Kano ko Legas.

Shi ya sa aikin ba ya ƙarewa. Kamfanin wutar lantarki na JED ya ɗauke wuta, firiza cike da kaji da yogot, kai za ka bi sahun dizal. Netwok ɗin POS ya tsaya, layi ya kai bakin ƙofa, wani na nuna maka taransifa a wayarsa alhali alat bai shigo ba. Motar kaya ta iso bayan isha'i, direba na gaggawar juyawa. In azumi ya kama ko sallah ta matso, sai ka ninka duk wannan.

Yanzu shoteji, inda kake da ƙarfi fiye da yadda kake zato. Ga ƙaramin ma'aikaci, sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana cin tara, bai kuma yarda a yanke albashi kan asara ba sai in da gangan ko sakacinsa ne, kuma sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce tukuna. Jimillar abin da za a yanke a wata ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Ko an ce wannan sashe bai hau kanka ba, gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C, ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar kowane ma'aikaci, babba ko ƙarami, har da ƙorafin rashin adalci a wurin aiki. Kotun tana da reshe a nan Bauchi. Kamfanin da ya yanke rabin albashi ba takardar tuhuma, ba bincike, ba sharaɗi a yarjejeniya, zai sha wuyar kare kansa.

Kuma shoteji ba sata kaɗai ba ce. Kwali ne da aka rubuta guda 24 ya zo da 20, kwalba ce ta fashe a sito, madara ce wa'adinta ya ƙare aka kwashe ba a cire ta a kwamfuta ba, ko kuskuren shigar da lamba tun daga hedkwata. Don haka kada ka ƙara sa hannu a takardar kaya sai an ƙirga a gabanka, ko direba zai yi ta huci. Abin da ya lalace a rubuta shi ranar, a ɗauki hoto, mai gadi ko mai sito ya sa hannu tare da kai. Ranar da odita ya zo ƙirge ka tsaya a kansa, ka karɓi kwafin sakamakon. Kan kuɗin watan jiya kuwa, rubuta wa ofishin kula da ma'aikata cikin ladabi, ka nemi jerin kayan da suka ɓace da sharaɗin da aka dogara da shi wajen yankewar.

Abu biyu ba ruwansu da muƙaminka. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashinka, kai a cire maka 8, don haka duba ko kuɗin na shiga asusunka na fansho. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa, ta haɗa har da haɗari a hanya tsakanin wurin aiki da gida. Mai hawa babur daga cikin gari zuwa Yelwa da sha ɗaya na dare ya kamata ya san da wannan.

Ban ce ka garzaya kotu gobe ba, shari'a na cin lokaci, ga iyali na jiran cefane. Fara neman mataimaki da tsayayyar ranar hutu a rubuce, ka haɗa da lissafin awoyin da kake buɗewa da rufewa na wata guda. Duk takardun nan ka ajiye kwafinsu a gida, domin imel da wayar kamfani su ake fara rufewa ranar da aka sallami mutum.