Filin Likita: Maganin taɓin hankali zai taɓa ƙwaƙwalwar ɗana?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 15 yana jin muryoyi, aka ce sikizofiriniya ce, wani nau'in taɓin hankali, aka ɗora shi kan maganin risperidone. Ya yi ƙiba, barci ya yi masa yawa. Kawunsa ya ce maganin zai daskarar masa da ƙwaƙwalwa. In daina ba shi? Wata uwa, Jekadafari, Gombe.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, amma kada ki daina. Ƙwaƙwalwa tana ci gaba da ginuwa har wajen shekara 25, don haka tsoron Kawu yana da tushe. Maganin yana rage tasirin dofamin, wani sinadari da ke isar da saƙo a cikin ƙwaƙwalwa, shi ya sa muryoyin ke lafawa. Hotunan na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, sun nuna ɓawon ƙwaƙwalwar irin waɗannan yara yana sirancewa fiye da na tsaransu, sai dai masana ba su gama raba laifin ciwon da na maganin ba. Abin da ya fi tabbata: jinkirin magani yana tsananta ciwon, tsayar da maganin kwatsam kuma yakan dawo da ciwon.

Ƙibar ce ta fi damuna. Ki mayar da shi wurin likitansa a auna nauyi da sukarin jini, a duba ko za a rage adadin maganin.