Tambaya da Amsa: Ina Ake Samun Kilishi Mai Kyau a Legas?

Tambaya: Assalamu alaikum. Aiki ne ya kawo mu Legas, muna zaune a Surulere. Maigidana mai son kilishi ne ƙwarai, amma duk wanda na saya, ko dai ya kwana ɗaya ya yi laushi yana danƙo, ko kuma in tarar ƙuli ne zalla da jan kala. Ana yin na kirki a garin nan kuwa, ko sai an aiko daga gida? Daga wata uwargida a Surulere.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ana yi, kuma akwai gwanaye. Abin da za ki fara rarrabewa shi ne mai yin kilishi da mai sarinsa. Yawancin waɗanda ake gani da shi a tire a bakin titi ko cikin cunkoson motoci saro shi suka yi, su kansu ba su san ranar da aka gasa shi ba. Masu yi suna kusa da inda ake yanka, saboda sana'ar tana buƙatar naman da aka yanka da safiyar ranar. Shi ya sa Agege ce wurin farawa: babbar mayankar Oko-Oba tana can, kuma Hausawa mahauta sun daɗe da kafuwa a unguwar. Daga Surulere, Idi-Araba ta fi miki kusa. Wanda ke Ikoyi ko tsibirin Legas sai ya leƙa Obalende wajen masu tsire, na ɓangaren Ketu kuma Mile 12. A kowanne daga cikin wuraren nan, a tambayi mai tukuba ko mahauci, "Wa ke shanya kilishi a nan?" Duk sun san juna. In aka kai ki wurin da kika ga nama a shanye da idonki, rabin aikin ya ƙare.

Laushin da kike kuka da shi daga shanya yake. Kilishi hawa huɗu ake yi masa. Ana zaɓar tsokar cinyar saniya, a cire kitse da jijiya, a yanyana ta shara-shara, kaurin bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, a baza a kan asabari ko gadon kara ta bushe a rana. Sai a tsoma ta cikin labu, wato tunkuzar gyaɗa da aka dama da ruwa, aka zuba mata citta, kanumfari, masoro, barkono, albasa, gishiri da dunƙule, wasu su ƙara ɗan sukari. A sake shanyawa. Daga ƙarshe a ɗora a waya bisa garwashi na 'yan mintuna, ba a harshen wuta ba. A Kano ko Sakkwato, lokacin bazara ko hunturu, shanyar farko yini guda ta ishe ta. Legas kuwa gari ne na bakin teku, iskarsa cike take da laima, daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ba ya ɗagawa sosai, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Mai gaggawa sai ya kwashe naman bai gama bushewa ba, ya lulluɓe shi da labu, ya kai wuta. Wutar ta ƙandare bayan, ruwan yana nan a ciki. A hannun mai sayarwa za ki ji shi ƙayau, washegari ruwan ciki ya fito ya jiƙa labun.

Kafin ki biya, ki ɗaga falle ɗaya ki saita shi da haske. Na kirki za ki ga zanen tsokar nama a miƙe, haske yana ɗan ratsa wuraren da ba kauri. Ki lanƙwasa gefensa: ya kamata ya tsage yana nuna zaren nama a bushe. In ya lanƙwashe bai tsage ba, da sauran ruwa. In kuma ya farfashe ya zube gari, labu ya fi nama yawa, ko an cusa masa fulawa don ya yi nauyi. Ki goga yatsa a kansa. Ɗan mai da ɗan ja ba komai, amma in yatsan ya rine jawur, kala ce aka zabga. Ja ba shi ne daɗi ba, farin kilishi da ba a sa wa kala ba ya fi sauƙin ganewa ma, domin ba abin da ke ɓoye naman. Sai ki shaƙa. Ƙanshin gyaɗa gasasshiya da citta ake nema. Warin tsohon mai ko tsami-tsami, a bar masa abinsa. A tauna ɗanɗano a hankali a ji ko akwai yashi, don wanda aka shanya ƙasa-ƙasa a gefen titi ba ya rasa shi.

Ranar farko kada ki sayi da yawa. Ki karɓi kaɗan, ki bar shi ya kwana a takarda. In gari ya waye yana nan yadda yake, kin samu mai kilishinki, ki karɓi lambarsa ki riƙa yi masa magana kwana biyu kafin ki buƙata.

Tambaya: Malam, duk mai sayarwa sai ya ce nasa daga Kano aka kawo. Na Arewa ya fi na nan ne dole? Daga wani ɗan kasuwa a Apapa.

Amsa: Ba dole ba ne, Alhaji. Sunan Kano, musamman unguwar Agadasawa, ya yi ƙarfi a sana'ar nan, shi ya sa kowa ke jingina da shi. A damina gaskiya na Arewa yakan fi, saboda ko a lokacin ruwa iskar can ba ta kai ta Legas nauyi ba. Amma tafiyar kusan kilomita 1,000 ce a mota, kuma in an ƙulle shi a leda da sauran ɗuminsa, gumi yake yi a hanya. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da Legas ta bushe kuma hunturu yake ɗan leƙowa, wanda aka gasa jiya a Agege ya fi wanda ya yi mako biyu da barin Kano. Tambayar da ta fi "daga ina" amfani ita ce "yaushe aka gasa". Na kanti da ke cikin leda mai tambari, a duba lambar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar yi da ranar lalacewa, a kuma juya ledar a ga ko akwai raɓa a cikinta ko mai ya taru a ƙasa.

Farashi ma yana faɗar gaskiya. Kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyen nama ruwa ne, don haka kilo 3 na tsoka in ya bushe da ƙyar yake kai kilo 1 kafin a sa labu. Wanda ya ba ka kilon kilishi a kuɗin da bai kai ninki biyu na kilon ɗanyen nama ba, ka san gyaɗa ya sayar maka, ko kuma naman da ba a so a tambayi asalinsa.

Tambaya: Na ajiye kilishi a firij, bayan kwanaki na ga fari-fari a jikinsa. In na ɗumama zai ciwu? Daga wata ɗaliba a Yaba.

Amsa: A'a, 'yar'uwa, ki zubar. In farin yana da gashi-gashi, ko ya soma komawa kore ko baƙi, fumfuna ce. Wasu nau'o'inta da ke kama gyaɗa suna fitar da guba mai cutar da hanta, kuma zafin kasko ba ya kashe gubar. Kankare wurin ma bai wadatar ba.

Firij ɗin ne ya jawo, saboda ɗauke wuta. Duk lokacin da ya huce ya sake sanyi, raɓa na sauka a kan abin da ke ciki. Wanda za a ci cikin kwana uku zuwa huɗu, a naɗe shi a takarda mai tsabta marar rubutu, a ajiye inda iska ke ratsawa, nesa da tururin kicin. Jarida ba ta dace ba don tawadarta tana narkewa a mai, takardar buhun siminti kuwa ko kusa. Wanda zai daɗe, a fara busar da shi a tanda ko busasshen kasko a wuta kaɗan na kamar minti 5, a bari ya huce sarai, sannan a sa a roba mai murfi ƙam. In akwai firiza mai tsayayyar wuta, a raba shi ƙulli-ƙulli, a riƙa ciro na ci ɗaya.

Tambaya: Ina so in ba da naman layya a yi mini kilishi a nan. Me zan kula da shi? Daga wani magidanci a Ikorodu.

Amsa: Malam, ka yi magana da mai yin tun kafin Sallah, don a ranakun layya aiki yana yi musu yawa. Ka ba da cinya, kuma a ranar yanka; haƙarƙari da wuya kitse da jijiya sun yi musu yawa, kitse kuma shi ke fara wari. A auna a gabanka. Kilo 5 na cinya, bayan gyara da shanya da labu, abin da zai dawo maka yana wajen kilo 2, don haka kada ka zargi mutum da yankan baya in ka ga ya ragu. Ka faɗi yawan barkonon da kake so, da ko a sa kala da sukari. In Sallar ta faɗo cikin ruwa, ka tambaye shi yadda zai busar. Wanda yake da tanda ko rumfar da yake shanya a saman garwashi marar zafi sosai zai iya, wanda rana kaɗai ya dogara da ita gara ka yi dambun nama.

Tambaya: Zan iya tafiya da kilishi tsaraba zuwa Ingila ko Amurka? Daga wata mai shirin tafiya a Ikeja.

Amsa: Kada ki ɗauka, Hajiya. Ingila ba ta yarda matafiyi ya shigo da nama daga Najeriya ba, busasshe ne ko ɗanye, Amurka ma tana hana shi saboda cututtukan dabbobi. Za a ƙwace a filin jirgi, kuma wanda ya ɓoye bai bayyana ba yana iya fuskantar tara.