Wace manhajar raba faifai ce ke tafiya da Windows 11?

Wa'alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka: ka ɗora Windows 11, ɓangaren C na faifanka ya cika har ya yi ja, D kuma yana zaune kusan babu komai, kana so ka yanko wa C fili daga D, kana tambaya ko PartitionMagic ɗin da ka saba da shi tun zamanin XP zai yi, in ba zai yi ba wacce za ka nema. 'Yan'uwa sun riga sun jero maka sunaye. Ni sana'ata gyaran kwamfuta, kuma irin wannan aikin yakan iso teburina ne bayan an riga an taɓa an ɓata, don haka ka yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

PartitionMagic dai ka bar shi ya huta. Ya yi aiki a zamaninsa. Kamfanin PowerQuest ne ya yi shi, Symantec ya sayi kamfanin a 2003, kuma bai wuce siga ta 8 ba har aka daina sayar da shi a 2009. Ko Windows Vista, wanda ya biyo bayan XP, bai sani ba. Da ƙin buɗewa kawai yake yi da da sauƙi. Abin da ke faruwa shi ne, daga Vista zuwa yau Windows ya canza inda ɓangaren farko ke somawa a kan faifai: a da daga sakta ta 63 ne (sakta su ne 'yan ƙananan gidajen da aka kasa faifai), yanzu daga ta 2048. Tsohuwar manhaja in ta ga haka sai ta ɗauka teburin rabon ne ya lalace, ta ce maka ta ga kuskure, ko ta gyara? Masu danna "eh" su ne ke kawo mana kwamfuta ta ƙi tashi. Tsarin GPT kuwa, wato sabon tsarin raba faifai, PartitionMagic bai ma san da zamansa ba.

Wannan GPT ɗin shi ne abu na farko da za ka duba a duk manhajar da za ka ɗauka. Windows 11, wanda ya fito a watan Oktoban 2021, bisa ƙa'ida yana tashi ne ta UEFI, wato sabon tsarin tayar da kwamfuta da ya maye gurbin tsohon BIOS, kuma Windows a kan UEFI faifan GPT yake so. Tsohon tsari, wato MBR, manyan ɓangarori huɗu kawai yake ɗauka, kuma ba ya wuce terabait 2. GPT kuwa Windows yana ba shi har ɓangare 128. Amma kada ka ɗauka tunda Windows 11 ne to lallai GPT ne. Kwamfutocin hannu da yawa da ke yawo a kasuwanninmu ba su cika sharaɗin TPM 2.0 ba, wato guntun tsaron da Windows 11 ke buƙata, masu shago ne suka tsallake binciken da Rufus, manhajar zuba Windows a filash, suka ɗora, kuma wasunsu har yanzu a kan MBR suke. Ka buɗe Disk Management, manhajar kula da faifai da ke cikin Windows, ka danna dama a kan Disk 0, ka shiga Properties, sannan Volumes, zai nuna maka wanne ne.

A cikin Disk Management ɗin za ka ga wasu 'yan ƙananan ɓangarori marasa harafi: EFI mai kimanin megabait 100, da Recovery, wato ma'ajin kayan gyaran Windows, mai ɗaruruwan megabait. Akwai ma na uku mai megabait 16 da Disk Management ba ya nunawa, sai wasu manhajojin. Kada ka goge su. Na sha ganin wanda ya goge EFI don ya ci ribar megabait 100, alhali a ciki abin da ke tayar da Windows yake.

Amma abin da ya fi cin mutane a 'yan shekarun nan shi ne BitLocker, wato abin da Windows ke kulle bayanan faifai da shi. Daga sigar 24H2, in aka yi sabon ɗori aka shiga da asusun Microsoft, Windows yakan kulle faifan da kansa, har a Windows 11 Home, ba tare da mai kwamfuta ya lura ba. Kullum tana buɗewa lafiya lau saboda TPM ne ke riƙe da makullin. Ranar da ka shiga BIOS ka kashe Secure Boot, wato tsaron da ke tantance abin da kwamfuta za ta tashi da shi, don ka tashi da filash, ko wata manhaja ta taɓa yadda kwamfutar ke tashi, sai ka ga shuɗin allo yana neman lambar buɗewa mai lambobi 48. Lambar tana cikin asusun Microsoft ɗin da aka fara shiga da shi. To idan yaron shagon da ya yi maka ɗorin ne ya sa nasa asusun don ya gama da wuri, ko kai ka buɗe asusu a gurguje ka manta kalmar sirrin, shi ke nan, babu wata manhaja da za ta fasa maka shi. Wata baiwar Allah ta taɓa kawo mini tata, rubutun kammala karatunta duka yana ciki, ƙaninta ya yi mata irin wannan aikin da kake shirin yi. Allah ya taimake ta mun samo asusun ta lambar wayar da ta yi rajista da ita. Ba kowa ke yin wannan sa'ar ba.

Saboda haka kafin komai, ka buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta manage-bde -status. In ya nuna a kulle yake, ka fara kwafe lambar nan 48 a takarda. In kuma manhajar waje za ka yi amfani da ita, ni shawarata ka kashe kullen gaba ɗaya ta Settings, Privacy & security, Device encryption, ka jira ya gama warwarewa, in ka gama aikinka ka mayar.

Yanzu ga naka aikin. Ina ganin ba ka ma buƙatar sauke komai. Disk Management na Windows yana iya rage ɓangare, yana iya ƙara shi. Abin da ba ya iyawa shi ne matsar da ɓangare daga inda yake. Shi ya sa mutum zai rage D ya ga fili ya fito, ya koma kan C ya tarar Extend Volume ya dushe ba ya dannuwa. Filin ya fito ne a bayan D, shi kuwa C ba ya cin fili sai wanda ke manne da shi ta hannun dama. Kamar mai son faɗaɗa ɗakinsa ne, filin kuma yana bayan ɗakin maƙwabci. Tunda ka ce D ɗinka kusan babu komai, ka kwashe abin da ke ciki zuwa filash ko faifan waje, ka goge D, ka ƙara wa C iya abin da kake so, ragowar ka sake yin sabon D da shi, ka mayar da kayanka. Aikin 'yan mintoci ne, kuma ya fi kowace hanya aminci domin babu bayanan da ake ja daga wuri zuwa wuri.

Inda za ka buƙaci manhajar waje shi ne idan Recovery ya zauna tsakanin C da D, wanda hakan na yawan faruwa, ko kuma D ya yi nauyin da ba ka da inda za ka juye shi. A nan MiniTool Partition Wizard, AOMEI Partition Assistant, EaseUS Partition Master da DiskGenius duk sababbin sigoginsu sun san GPT da UEFI, kuma duk suna da na kyauta. Gaskiya ban ga bambancin da ya kai a yi musu a kai ba wajen ragewa da matsarwa. Sun fi bambanta ne a abin da kowacce ta ɓoye sai ka biya, galibi ƙaurar da Windows zuwa sabon SSD. Ka ɗauko daga shafin kamfanin kai tsaye, sabuwar siga. Waɗanda aka fasa da ake turawa a filash kuwa, ni ba na ba su izinin taɓa teburin faifaina, don ban san abin da aka cusa a ciki ba.

Ni a shago GParted na fi amfani da shi. Kyauta ne, daga filash yake tashi da nasa Linux ɗin, don haka babu ruwansa da wane Windows ne a kwamfutar. Sharaɗinsa biyu: ba ya iya rage ko ƙara ɓangaren da BitLocker ya kulle, kuma dole ka kashe Fast Startup tukuna, domin Windows in ka ce ya mutu ba ya mutuwa duka, yana barin faifan a rabin barci, GParted kuma zai ƙi taɓa shi. Rubuta powercfg /h off yana maganin wannan. Sai dai ba ya kiran ɓangarori da C da D, sunaye irin su sda3 ko nvme0n1p3 za ka gani, sai ka gane su ta girmansu. Ga wanda bai saba ba, waɗancan na cikin Windows sun fi sauƙin gani.

Ko da wacce ka zaɓa, matsar da ɓangare yana nufin kwashe bayanai ana sake rubuta su, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiya ɓangaren na iya zama RAW, wato Windows ya kasa karanta shi. Kwamfutar da batirinta ya mutu, ko ta tebur da ba ta da UPS, kada ka fara sai kana kan janareta ko sola da ka yarda da su. Ka yi chkdsk tukuna, wato umarnin binciken lafiyar faifai, ka kuma kwafe abin da ba za ka iya jure rasawa ba zuwa wani faifai daban, ba D ba, tunda C da D a jiki ɗaya suke.

Wani ya ba ka shawarar ka goge Recovery kawai. Ana iya yi, amma ban so. A Janairun 2024 wani sabuntawar Windows 10, KB5034441, ya yi ta ƙin shiga kwamfutocin mutane da kuskuren 0x80070643 saboda Recovery ɗinsu ya yi ƙanƙanta, har Microsoft ya ce a ƙara masa megabait 250. Windows yana aiki da wurin nan. Ka matsar da shi gefe ya fi.

In kuma ka tarar faifanka MBR ne kana son GPT, kada ka biya kowa. Windows yana da mbr2gpt tun sigar 1703 ta Windows 10. Ka fara da mbr2gpt /validate /allowFullOS, yana so manyan ɓangarori kada su wuce uku kuma babu na logical, sannan bayan juyawar dole ka koma BIOS ka canza daga Legacy zuwa UEFI, in ba haka ba ba za ta tashi ba. Amma don ƙara wa C fili kawai ba ka buƙatar wannan.

Ka turo hoton Disk Management ɗinka yadda layin ƙasa zai fito duka, tare da abin da manage-bde ya nuna, sai in gaya maka ko goge D zai wadatar ko sai an matsar da Recovery.