Kuɗin gyaran ƙaramin banɗaki

Malam, ka tambayi nawa gyaran ƙaramin banɗakinka zai ci. Gaskiya abin da ke ƙarƙashin tayil shi ke cinye kuɗi. In bututu na yoyo dole a fasa ƙasa, ga siminti, ga yashi, ga kuɗin mai aikin famfo. Ni na ƙi canza tsohon bututu don in rage kashe kuɗi, bayan wata 6 bango ya jiƙe, aka sake fasa sabon tayil. Har yau abin na yi mini ciwo.

In kana Kano, auna tsawo da faɗi ka je Kasuwar Ƙofar Ruwa da kanka ka ji farashi. Ƙara kwali ɗaya na tayil saboda yanka da fashewa, kuma ka tsaya a kan mai aiki ya karkata daɓen zuwa magudana.