Yadda Ƙungiya Za Ta Tallafa wa Mai Cutar Daji Har Ta Kammala Magani a Legas

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiyar 'yan kasuwar kayan gwari a Mile 12, nan Legas. Matar wani ɗan'uwanmu mai sana'ar dako ta kamu da sankarar mama. Mun yi karo-karo aka yi mata aiki, aka yi mata kemo, wato maganin daji da ake sa wa ta jijiya, sau biyu, sai kuɗin suka ƙare. Yau wata biyu ke nan ba ta koma asibiti ba, danginta kuma suna cewa a mayar da ita gida Arewa a gwada na gargajiya. Suna da yara huɗu, mijin ma ya rage fita kasuwa saboda jinya. Wasu daga cikinmu sun ce a sa hotonta a Facebook a nemi taimako, wasu sun ce a nemi zakka. Ina za mu dosa, kuma yaya za mu tsara taimakon don kada ya sake yankewa?

AMSA

Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, Allah ya saka muku da alheri, ya ba wannan baiwar Allah lafiya. Na daɗe ina aiki a sashen kula da jin daɗin marasa lafiya na wani asibitin koyarwa a nan Legas, kuma labarin da ka kawo shi ne wanda na fi ji a bakin mutanenmu. Ana tashi da ƙarfi a farkon jinya, kowa ya zuba abin da ya sawwaƙa, sai a tsakiyar hanya aljihu ya bushe, maras lafiya ya koma ɗaki ya kwanta.

Kafin maganar kuɗi, a mayar da ita wurin likitanta cikin wannan makon, ko da kuɗin kemo bai haɗu ba. Kemo ba allura ɗaya ba ce da ake yi a huta. Ga mai sankarar mama yawanci ana yin sa ne bayan kowane mako uku, sau shida ko takwas, kuma an tsara tazarar ne domin jiki ya farfaɗo amma ƙwayoyin cutar kada su sami sararin sake yaɗuwa. Idan aka yi biyu aka tsaya wata biyu, ta sha wahalar maganin, gashin kanta ya zube, kuɗinku sun tafi, cutar kuma ta sami hutu. Likita ne kaɗai zai duba ya ce a ci gaba daga inda aka tsaya ko a sake awo a canja tsari, kuma jinkirin kowane mako yana rage abin da zai iya yi mata.

Kuskuren da ya faru ba na rowa ba ne, na tsari ne. Karo-karon da muka gada an yi shi ne domin abin da ke zuwa sau ɗaya, kamar biki, ko gobara, ko kuɗin motar kai gawa gida. Jinyar daji kuwa tana cin watanni shida zuwa shekara, wani lokacin fiye. Bayan aiki da kemo, mata da yawa suna buƙatar gashi, wato kona ragowar cutar da haske mai ƙarfi a cikin na'ura, wasu kuma za su ci gaba da shan ƙwayar tamoxifen kowace rana tsawon shekara biyar zuwa goma. Saboda haka abu na farko da zan so ƙungiyarku ta riƙe a hannu shi ne takarda daga likita mai bayyana abin da ya rage: kemo sau nawa, da wane magani, ko za a yi gashi, da ƙiyasin kuɗin kowane mataki. Da wannan takarda za ku raba nauyin bisa watanni, kowane ɗan ƙungiya ya ɗauki abin da zai iya bayarwa duk mako ba tare da ya takura ba. A wannan jinyar, naira dubu ɗaya da mutum hamsin za su riƙa bayarwa kowace Juma'a har wata takwas ta fi amfani a kan kyauta mai tsoka da za ta zo sau ɗaya ta wuce.

Sannan ku sani cewa ba kuɗin magani kaɗai ke tsayar da jinya ba, kuma a nan ne nake ganin taimakon ƙungiya irin taku ya fi na kowa tasiri. Kafin kowane zagaye na kemo sai an yi awon jini, idan kuma jinin ya yi ƙasa ba za a sa maganin ba sai an ƙara mata. Kuna da samari majiya ƙarfi a kasuwa, kuma mutum goma da za su rubuta suna su tsaya a shirye domin ba da jini sun ɗauke wa iyalin nauyin da kuɗi ma ba kullum yake ɗaukewa ba. Akwai kuɗin mota. Wanda ya san Legas ya san abin da ake nufi da tashi daga Mile 12 ko Ikorodu da asuba a nufi asibiti a Idi-Araba ko Ikeja cikin cunkoso, da mace mai tashin zuciya da ciwon jiki, wadda ba za ta iya kokawar shiga danfo ba. Lokacin gashi abin ya fi tsanani, domin ana zuwa ne kowace rana daga Litinin zuwa Juma'a har makonni uku zuwa shida. Na sha ganin wadda aka biya wa kuɗin gashi cif, amma ta daina zuwa a mako na biyu saboda kuɗin mota ya gagara. Idan a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas ne za a yi mata, inda aka buɗe cibiyar kula da cutar daji ta NSIA-LUTH a 2019, ku tuna cewa Idi-Araba tsohuwar unguwar Hausawa ce. Ku bi ta hannun sarkin Hausawa ko limaman unguwar a samo mata gidan mutunci da za ta sauka na waɗannan makonni.

Wani abin da ake mantawa shi ne harshe. Matanmu da yawa da aka kawo daga ƙauye ba sa jin Turanci ko Yarbanci, sai likita ya yi bayani mijin ya gyaɗa kai, a fito babu wanda ya fahimci ranar dawowa ko yadda za a sha magani. Ku nemo mace mai ilimi, mai riƙon sirri, wadda za ta riƙa raka ta, ta yi tafinta, ta rubuta ranakun asibiti. Akwai tambayoyin da mace ba za ta yi a gaban namiji ba ko da mijinta ne. Shi kuma mijin, duk ranar da ya kwana a asibiti ranar babu dako, babu cefane. Idan matan 'yan ƙungiya suka karɓi jinyar bi da bi, ya koma nema, kun ciyar da yara huɗu ba tare da kun fitar da ko kwabo ba. Buhun shinkafa, da wake, da ƙwai, da kuɗin makarantar yara duk suna cikin maganinta, domin uwar da ta ga an koro 'ya'yanta daga makaranta ita ce za ta fara cewa a bar asibitin haka nan.

Game da inda za ku dosa, ku fara da ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin da take zuwa. Asibitocin koyarwa suna da shi, aikinsa kuma shi ne tantance marasa galihu, da neman rangwame, da haɗa su da masu bayarwa. Ku tambaye su tsarin rangwamen magungunan kemo da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar a 2019 tare da Clinton Health Access Initiative da American Cancer Society, wanda ke sauke farashin wasu magunguna a kantin maganin asibitocin da ke cikinsa. Ku tambayi kuma Asusun Lafiya na Cutar Daji na gwamnatin tarayya, wanda aka kafa domin marasa ƙarfi masu sankarar mama, da ta bakin mahaifa, da ta furostet da ke kama maza. Ya fara ne da asibitoci shida, ɗaya a kowace shiyya, ciki har da na Ibadan, da Zariya, da Gombe, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, yanzu kuma yana ƙarƙashin NICRAT, hukumar ƙasa mai kula da bincike da maganin cutar daji. Inshorar lafiya ta jihar Legas, Ilera Eko, ba za ta ɗauke jinyar daji gaba ɗaya ba, amma rajistar iyalin a cikinta za ta rage kuɗin zazzaɓin yara da ƙananan awo da ke cinye abin da aka tara.

Akwai ƙungiyoyin agaji da suka daɗe a wannan fage a Legas. Sebeccly Cancer Care, da COPE, da Run For A Cure Africa suna aiki ne musamman a kan sankarar mata, Dorcas Cancer Foundation kuma a kan ta yara. A Abuja akwai Medicaid Cancer Foundation ta Dokta Zainab Shinkafi-Bagudu da Project PINK BLUE. Kada ku sa rai cewa wata ɗaya za ta biya komai. Alƙaluman hukumar binciken cutar daji ta duniya na 2022 sun nuna cewa sama da mutum 120,000 ke kamuwa a Najeriya a shekara, kusan 80,000 kuma suke rasuwa, don haka masu nema sun ninka abin da ke hannun masu bayarwa. Abin da ke yiwuwa shi ne wannan ta ɗauki zagaye ɗaya, waccan ta ɗauki awo, ku kuma ku cike giɓin. Wanda ya zo da takardu a haɗe, wato sakamakon awon tsokar da aka yanka, da wasiƙar likita, da ƙiyasin kuɗi, da rasiɗan abin da aka riga aka biya, shi ake fara saurara, domin mai bayarwa yana son ya ga cewa akwai jama'a a bayan maras lafiyan.

Zakka kuwa hukuncinta na malamai ne, amma aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci fakirai da miskinai da waɗanda bashi ya yi wa katutu, kuma iyalin ɗan dako da jinya ta cinye ba su fita daga cikin waɗannan ba. A kasuwarku akwai manyan dillalai da ke fitar da zakka duk shekara, sau da yawa a rarraba ta ƙanana-ƙanana ga mutane masu yawa. Ku je musu tare da limaminku, ku nuna musu takardar likita. A Legas akwai kuma Zakat and Sadaqat Foundation da hukumar zakka ta ƙungiyar Musulmi ta NASFAT, waɗanda ke karɓar buƙatun jinya. Idan kuɗin zakka ne, ku nemi yardarta a kan cewa ku ne wakilanta wajen biyan asibiti, domin haƙƙinta ne.

Riƙon kuɗin ma yana buƙatar tsari, saboda zargi yana kashe karo-karo da wuri. Ku ware asusu mai sa hannun mutum biyu, a riƙa biyan asibiti kai tsaye, a karanta rasiɗai a taron wata, a ware wa iyalin na abinci da mota daban. Maganin kemo kuma a saye shi a kantin asibiti ko inda likita ya aminta da shi. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan jabun magungunan daji, wasu kuma na gaskiyar ma suna lalacewa idan ba a ajiye su cikin sanyi ba, saboda haka arahar da wani zai kawo muku a leda tana iya zama asarar kuɗi da ta rai.

Maganar hoto a Facebook ina da ra'ayi mai ƙarfi a kanta. Ba a sa hoton mace, balle na ciwon da ke ƙirjinta, sai da yardarta ita kanta, ba ta mijinta ko ta ƙungiya kaɗai ba, kuma yardar da aka karɓa daga mai tsoron mutuwa sai an yi hattara da ita. Hoton da ya shiga intanet ba ya dawowa, 'ya'yanta za su girma su gan shi, 'yan damfara kuma suna kwafar irinsa su liƙa lambar asusunsu. Idan har za a yi neman a fili, wasiƙar asibiti da aka rufe sunanta, da shaidar shugabannin ƙungiya da limami, sun wadatar.

Danginta da ke son mayar da ita gida kada ku ɗauke su abokan gaba, gajiya ce da tausayi ke sa su faɗin haka. Komawa Arewa na iya zama daidai idan can ne take da masu jinya da abinci, muddin za ta tafi da wasiƙar likita da dukkan sakamakonta zuwa asibitin koyarwa na Zariya, ko na Malam Aminu Kano, ko na Sakkwato, ko Gombe, an kuma tabbatar da ranar da za a karɓe ta kafin ta hau mota. Addu'a da sadaka ba sa karo da kemo, mu ma muna roƙon a yawaita su. Abin da nake roƙon a guje wa shi ne tsaga ko sakiya a wurin ciwon, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, domin hanta da ƙodar da ke fama da kemo ba za su jure ƙarin nauyi ba. Idan kuma likita ya duba ya ce cutar ta wuce warkewa, taimakonku bai ƙare ba, sai dai ya koma ga maganin raɗaɗi irin su ruwan morfin, da kayan wanke ciwo, da ziyara, da ɗaukar nauyin yaran.

A ranar da za a mayar da ita, mijin da macen da za ta yi tafinta su tafi da katinta da duk takardun baya, su gaya wa likita gaskiyar abin da ya sa aka tsaya da duk abin da ta sha a cikin wata biyun nan, sannan su wuce ofishin jin daɗin marasa lafiya kafin su bar asibitin. Idan aka ci gaba da kemo, ku saya mata ma'aunin zafin jiki, ku kuma ajiye kuɗin mota na gaggawa a hannun maƙwabcin da ya fi kusa da su, domin zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ma'aunin ga mai shan kemo ba a jiran wayewar gari da shi, a daren ake kai ta asibiti.