Yadda masallaci ke samun izini a Ingila

Malam, ka tambaya me ya sa jama'armu a nan Ingila za su tara kuɗi, su sayi wuri, amma a shafe shekara biyu ko uku ba a tayar da iƙama a ciki ba, alhali a gida mai hali yakan ware gefen ƙofar gidansa ya ɗora bulo, kafin azumi ya zagayo an fara jam'i. Ba ƙarancin himma ba ne. A nan mallakar gini daban, izinin abin da za a yi a cikinsa daban, kuma izinin yana hannun ƙaramar hukuma.

Doka ta kasa gine-gine rukuni-rukuni. Tun 1 ga Satumba 2020 wuraren ibada suna rukunin F1, tare da makarantu da ɗakunan karatu da gidajen tarihi. Shago da ofis suna rukunin E, sito B8, gidan zama C3. Mayar da sito masallaci sai da izini, ko da ba a taɓa bulo ɗaya ba. Sauyi a cikin rukuni guda kuwa ba ya bukatarsa, shi ya sa za ka ga kwamitocin masallatai suna neman tsohuwar coci ido rufe. Masallacin Brick Lane na Landan misali ne: an gina shi coci a 1743, ya zama wurin ibadar Yahudawa, sannan ya koma masallaci a 1976. Sai dai irin waɗannan gine-gine sau da yawa suna cikin jerin kayan tarihi, ko taga ba a canzawa sai da wani izinin na musamman.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin jama'a shi ne saye kafin tambaya. Masu gogewa sukan fara biyan hukuma kuɗin shawara, jami'i ya duba wurin ya rubuto ra'ayinsa, sannan lauya ya ƙulla ciniki bisa sharaɗin cewa ba a kammala biya sai izini ya fito. Wurin kuma a sa shi da sunan ƙungiyar agaji mai rajista da amintattu, kada a sa sunan mutum ɗaya, komai amanarsa, saboda ranar rabon gado.

Abin da ke kayar da yawancin takardu ba ƙubba ba ce, ba hasumiya ba. Motocin Juma'a ne. Ginin da ke ɗaukar mutum talatin a sallar Azahar ta Talata zai tara ɗari biyar ranar Juma'a cikin awa ɗaya, a layin da kowane gida ke ajiye motarsa a bakin titi. Don haka ake ɗaukar ƙwararre kan zirga-zirga ya ƙirga gurabun ajiye mota a titunan da ke kewaye, a daidai lokacin Juma'a, ya nuna nawa ne a cike, nawa ne babu kowa. Kwamiti kuma ya bi masallata ɗaya bayan ɗaya da takarda: daga wace unguwa kake zuwa, a ƙafa ko a bas ko a mota? Idan lissafi ya nuna galibi tafiyar minti goma ce a ƙafa, an sami hujja mai ƙarfi. Sai a ƙara da tsari a rubuce: Juma'a kashi biyu ko uku da tazara a tsakani, matasa sanye da riguna masu ƙyalli suna hana tare ƙofar mutane, da yarjejeniyar aron filin fakin na wata makaranta ko kanti.

A nan ne wasu ke jarabtuwa su rage adadi, su rubuta 150 alhali sun san 400 za su zo. Ina ganin wannan ganganci ne, kuma bai dace da ɗakin Allah ba. Adadin da ka rubuta shi hukuma za ta mayar sharaɗi. Ranar da aka wuce shi, maƙwabci zai ɗauki hoto daga tagarsa, takardar gargaɗi ta biyo baya, kuma duk abin da masallacin ya nema nan gaba za a dube shi da wannan tabon.

Sai batun lokaci da ƙara. A watan Yuni Asuba takan kama kusan ƙarfe uku na dare, Isha'i kuma sai wajen sha ɗaya saura. Idan jami'i ya rubuta cewa a buɗe bakwai na safe a rufe goma na dare, kamar kowane zauren taro, ka ga an sami masallaci babu Asuba, babu Tarawihi. Dole a bayyana jadawalin shekara tun farko, har da azumi da Idi. Abin da ke tayar da maƙwabta ma ba karatun liman ba ne, tunda bango na riƙe shi. Bugun ƙofar mota ne, da gaisuwar da muke tsayawa yi a bakin ƙofa bayan sallama, ana tambayar iyali da gajiya. Kiran sallah da lasifika a waje kuwa galibi sharaɗi yakan hana shi. Masallacin Gabashin Landan da ke Whitechapel yana cikin 'yan kaɗan da ake jin ladaninsu a titi, shi ma da rana. Sauran a gida ake sauraron kira, ta ƙaramar rediyo ko waya.

Wajen zane, alƙibla daga Landan tana kudu maso gabas, kimanin digiri 119 daga arewa, kuma da wuya bangon tsohon gini ya dace da ita. Sahu yakan zo a karkace, kusurwoyi su tafi a banza, don haka a lissafa da sahu, kada a lissafa da faɗin ɗaki. Mutum ɗaya na cin kimanin santimita 60 a faɗi da 120 a tsawo. Ƙa'idar gobara tana neman ƙofar fita biyu idan an wuce mutum 60, uku idan an wuce 600. Mai zanen da bai san mu ba yakan manta da takalma: mutum ɗari huɗu takalmi ɗari takwas ke nan, idan ba a yi musu kanta nesa da ƙofa ba su ne za su toshe mafita. Wurin alwala yana son tayil marar santsi, da magudana, da na'urar zuƙe danshi, in ba haka ba bango ya yi funfuna tun hunturun farko. Sashen mata in yana sama sai da lif, saboda tsofaffi da masu keken guragu. Ajin Islamiyya da ɗakin wankan gawa su ma a sa su cikin takardar farko. Babban Masallacin Kambirij, wanda aka buɗe a 2019 mai ɗaukar mutum 1,000, ba shi da hasumiya. Lambu ne a gabansa, motoci kuma a ƙarƙashin ƙasa.

Bayan an shigar da takarda, maƙwabta suna da kwana 21 su faɗi ra'ayinsu. Doka ta ce a yanke hukunci cikin mako 8, ko 13 idan ginin ya kai murabba'in mita 1,000, amma sau da yawa yakan zarce. In ƙorafi ya yi yawa sai maganar ta je gaban kwamitin kansiloli, inda mai magana yakan samu minti uku kacal. Ƙin Musulunci ba hujja ba ce a dokar tsara gari. Wanda ya rubuto shi an ajiye takardarsa gefe. Cunkoso, ƙara, tare haske da tsarin da hukuma ta yi wa yankin su ake aunawa, kuma girma fiye da kima yana kayarwa: a 2012 ƙaramar hukumar Newham da ke gabashin Landan ta ƙi amincewa da katafaren masallacin Abbey Mills na mutum kusan 9,000, ɗaukaka ƙara ma bai yi nasara ba a 2015. Wanda aka hana yana da wata shida ya kai kukansa ga sufetocin gwamnati. Wanda aka bai wa kuma shekara uku gare shi ya fara aiki, in ba haka ba izinin ya mutu. Tunda da sadakar Juma'a da ta azumi ake ginin, kwamiti yakan cika sharuɗɗan da aka ce a cika kafin a fara, ya samu amincewar masu duba ingancin gini, ya zuba harsashi cikin wa'adin, sauran kuma a bi shi daki-daki yadda kuɗi ya shigo.