Kafin ka biya mai binciken salsala

Ɗana, bayan gaisuwa, saƙonka ya iso. Ka ce ka samu wani malamin tarihi da ake biya ya binciko wa mutane salsalarsu, kana so ya gano mana dangin da kakan babanku ya bari a hanyar Gwanja, amma kana gudun a ce ka kai wa bare sirrin gida. Ka tambaya ko al'ada ta yarda.

Ta yarda. Tun fil azal akwai masu cin abinci da sanin asalin mutane, maroƙa ne da sanƙirori da zabiyoyi. Sai dai shi maroƙi, gwargwadon kyautarka gwargwadon tsawon asalinka. Ka ba shi babbar riga, yanzu ya haɗa ka da Bayajida, ya kai ka Bagadaza. Abin da nake tsoro ke nan, kar ka ɗauko mana maroƙi mai kwamfuta. Maganar kuwa ba ta wasa ba ce. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira kowa da ubansa, kuma hadisi ya zo a Buhari da Muslim da tsawatarwa mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba yana sane. Saboda haka ku yi da shi tun farko cewa ladan wahalarsa za ka biya, ko ya samo basarake ko ya samo majemi.

Amma kafin ka ba shi ko sisi, je ka wurin Gwaggonku. Salsalar gida a bakin tsofaffin mata take, su suka san wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa. Kada ka je mata da takarda da biro kamar mai ƙidaya, za ta rufe baki. Ka riƙa mata goro da turmin atamfa, ka zauna hira, ka nemi izininta ka kunna wayarka tana ɗauka. Ka lura da kyau, ba za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, don alkunya, sai ta ce "Malam" ko "mai sunan Malam". Nan ne bare yake ɓata. Mutum guda yana da sunan yanka, yana da laƙabi irin su Tanko ko Ɗanladi, a kasuwa kuma Maigoro ake ce masa. Yaron da baffansa ya riƙe, da sunan baffan ake kiransa har ya tsufa. Mu kuma ba mu da sunan gida da ake gada irin na Turawa. Da boko ya zo, sunan gari aka riƙa liƙa wa yara, shi ya sa ka ji Aminu Kano, Shehu Shagari. Ka tambaye ta irin tsagar da ke fuskar kakanni, da taken gidan, da unguwar da aka fara zama.

Sannan a buɗe akwatin marigayi. Akwai wasiƙun ajami a cikin gafaka, da takardar rabon gado daga kotun alƙali, da rasit na haraji. Ka ɗauki hotonsu ka ba shi, na ainihin su zauna a gida.

Shi mutumin naka, ka gwada shi da wasiƙa ɗaya. In bai iya karanta ajami da Larabci ba, ku rabu lafiya. In ya iya, aikinsa yana gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da kuma Arewa House. Kada dai ka sa rai da yawa. Turawa sun ci Kano a 1903, rahotanninsu kuma hakimai da dagatai da kuɗin haraji suka dame su, sunan farke bai cika shiga ba.

Can Gana ya fi buƙatar ƙafa. Fataken goro Salaga ta ƙasar Gwanja suke sauka, yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, mutane suka bazu Kete-Karachi da Kumasi da Ankara, wato Accra. A 1969 kuma gwamnatin Firaminista Busiya ta kori baƙin da ba su da takarda, da yawa suka dawo Najeriya. Ka ga waɗanda muke nema a Kumasi, ba mamaki suna nan kusa da mu. Sai ya zauna da Sarkin Zango da limamai, kuɗin motar kuwa a kanka.

Wurin da sirrin gida yake shi ne nan. Bauta ba a soke ta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, gidajen fatake kuwa sun riƙe bayi da ƙwarƙwarori. Yana iya tono cewa wata kakarmu baiwa ce. A shari'a ɗan da ta haifa wa ubangijinta ɗa ne, ba abin kunya ba ne, amma akwai 'yan'uwanka mata da ba su yi aure ba, ka kuma san bakin mutane. Yana iya fito da wani reshe da zai ce yana da haƙƙi a gidan gado. Don haka duk abin da ya samo, gabanmu zai fara kawowa, ni da Gwaggo da sauran baffanninka, ba a Facebook za mu tsince shi ba.

Kuɗin ka biya shi kashi-kashi. Kowane suna ya rubuta wanda ya faɗa masa, ko takardar da ya gani. Inda bai samu ba ya bar gurbin haka nan. Ka kawo shi gida ranar Juma'a bayan la'asar in gan shi da idona. Ka gai da mai ɗakinka da yara.